Ƙarfe uku na dare a gidan tsofaffi: yadda Ingila ke auna kulawa, da inda ma'aunin ke karyewa

Duk lokacin da bidiyo ya ɓulla daga wani gidan kula da tsofaffi a Turai, ko an ga ma'aikaciya tana fisgar wata tsohuwa, ko an ga dattijo shi kaɗai ya zuba wa taga ido, muhawarar da ke biyo baya a Facebook kusan iri ɗaya ce. Wasu su ce ai dama Bature ba shi da tausayi, uwa ta haife shi ta sha wahalarsa, da ta tsufa ya kai ta ya jingine kamar tsohuwar kujera. Wasu kuma su ce ku dai ba ku sani ba, can komai da doka, tsohon da ke wannan gida ya fi mai gidan sama a nan jin daɗi. Daga 2022, da 'yan Nijeriya suka yi ta tururuwa zuwa Birtaniya aikin kula da tsofaffi, maganar ta matso kusa da mu. Wadda ke juya tsohuwar Baturiya da tsakar dare yanzu tana iya zama 'yar unguwarku.

To me ake nufi idan aka ce gidan tsofaffi ya cika ƙa'ida? Wa ke zuwa ya duba? In kuma akwai masu dubawa, ya aka yi abin kunya ya ƙi ƙarewa? Na ɗauki Ingila ne saboda can mutanenmu suka fi zuwa, kuma kurakuran can sun sha zuwa gaban alƙali, an baje su a faifai.

Wane irin gida ake nufi, su wa ke ciki?

A wajenmu in aka ce gidan gajiyayyu, abin da ke zuwa zuciya shi ne wanda ba shi da kowa, ko wanda danginsa suka yasar. A Ingila gidajen iri biyu ne. Akwai wanda za a ba mutum ɗaki da abinci, a yi masa wanka, a sa masa kaya, a kai shi banɗaki, a miƙa masa maganin da likita ya rubuta. Akwai kuma mai nas dare da rana, domin masu ciwon da ya yi nauyi, irin masu robar fitsari ko waɗanda ake ba abinci ta tiyo. Yawancin gidajen na 'yan kasuwa ne, wasu na ƙungiyoyin jinƙai. Na ƙananan hukumomi kaɗan suka rage.

Ƙungiyar Alzheimer's Society, mai tallafa wa masu gigin tsufa a Birtaniya, ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na mazauna waɗannan gidaje suna da gigin tsufa ko mantuwa mai tsanani. A nan ne masu cewa an yar da iyaye ya kamata su ɗan dakata. Tsohuwa ce mai shekara casa'in da za ta kunna gas ta manta, ko ta buɗe ƙofa ƙarfe biyu na dare cikin hunturu tana neman gidan mahaifinta da aka rushe tun tuni. 'Yarta da ke kula da ita ita ma ta ba sittin baya, ga ciwon gwiwa, kuma babu surukai da jikoki cike da tsakar gida da za a yi karɓa-karɓa. Akwai 'ya'ya marasa kirki a can kamar yadda ake da su ko'ina, amma da yawa sai da ƙarfinsu ya ƙare suka kai.

Wannan adadi yana da wata ma'ana ta biyu, wadda ita ce tushen duk maganar. Mutumin da ba ya tuna ko ya ci abincin rana ba zai iya kai ƙarar wanda ya hana shi ba. In ya ce an mare shi, sai a ce gigi ne.

Abubuwan da ke cin tsoho a hankali

Duka da zagi su ne ke fitowa a bidiyo, amma abin da ya fi illata tsofaffi ba ya ƙara. Na farko gyambon kwanciya. Kakata ta wajen uba ta yi kusan shekara biyu a kwance bayan ɓarin jikinta ya shanye. Gidanmu cike yake da mutane, kowa ya leƙa ya ce "Hajiya, ya jiki?", ana kai mata kunun gyaɗa da farfesu, ana kunna mata karatu a rediyo. Ranar da gwaggona ta zo daga ƙauye ta ce bari ta yi mata wanka da kanta, tana juya ta sai ta saki salati. A ƙasan bayanta, daidai inda ƙashi ke dannar katifa, akwai rami da babban yatsa zai shige, bakinsa ya yi baƙi. Babu wanda ya ƙi Hajiya a gidan nan. Ba mu san cewa jiki in ya daɗe a ɓangare ɗaya jini yana daina kai wa fatar wurin, ta mutu daga ciki, kuma maganin abin shi ne a juya mai kwanciya duk bayan 'yan sa'o'i, har da tsakar dare.

A gidan tsofaffi na ƙwarai akwai takarda ko kwamfutar hannu da ake rubuta kowane juyi: ƙarfe nawa, hagu ko dama, su wa suka yi. Juya babban mutum kuwa aikin mutum biyu ne, wani lokaci da injin ɗagawa. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai faɗuwa. Tsoho ya tashi fitsari da dare, ya danna ƙararrawa ba a zo ba, ya lallaɓa da kansa, ya zame. Karayar ƙugu ga mai shekara tamanin da wani abu sau da yawa ita ce mafarin ƙarshe. Sai shaƙewa, domin wanda ya yi shanyewar jiki ko gigi ya yi masa nisa haɗiya takan gagare shi, shi ya sa ake niƙa wa wasu abinci, a sa wa ruwansu wani gari ya yi kauri kamar koko. Sabuwar ma'aikaciya da ba a faɗa mata ba ta miƙa masa biredi, shi ke nan. Tsofaffi kuma ba su cika jin ƙishirwa ba, in ba a bi su da kofi ba sai jiki ya bushe, ciwon mafitsara ya shiga, ruɗewa ta ƙaru. Ga magani: mutum talatin, kowa da ƙwayoyi biyar ko goma, safe da rana da dare.

Akwai kuma kwantar da mutum da magani don a huta da shi. A 2009 Farfesa Sube Banerjee ya rubuta wa gwamnati rahoto cewa ana ba masu gigin tsufa kusan 180,000 magungunan masu taɓin hankali, alhali kaɗan ne daga cikinsu ke amfana, kuma hakan na jawo ƙarin mutuwar mutum kusan 1,800 a shekara.

Doka da masu sa ido

Hukumar da ke yi wa gidajen rajista tana duba su a Ingila ita ce Care Quality Commission, wadda aka fi sani da CQC. Ta fara aiki a 2009. Sikotilan da Wales da Arewacin Ailan kowa da tasa hukumar. Buɗe gidan tsofaffi ba rajista laifi ne, kuma dole a sami manaja wanda shi ma sunansa na rajista, wanda za a riƙe in abu ya lalace.

Ƙa'idojin da ake aiki da su yanzu an yi su a 2014, suka fara aiki a Afrilun 2015. Sun taɓo abinci da ruwa, tsafta, magani, kare mutum daga cin zarafi, neman yardarsa kafin a yi masa abu, da binciken tarihin ma'aikaci a wajen 'yan sanda kafin a ɗauke shi. Akwai guda da ta burge ni: in an yi kuskure ya cutar da mazauni, wajibi ne gidan ya faɗa masa ko danginsa gaskiya, ya ba da haƙuri. Rufa-rufa kanta laifi ce.

Sufeton CQC in ya zo, galibi ba sanarwa, tambaya biyar yake neman amsarsu: ko mazauna suna cikin aminci, ko kulawar tana amfani, ko ana mutunta su, ko ana biya wa kowa buƙatarsa yadda ta dace da shi, da kuma ko shugabancin gidan na tafiya daidai. Sai ya ba da ɗaya daga maki huɗu, daga fitacce, zuwa mai kyau, zuwa mai buƙatar gyara, zuwa wanda ya gaza. Dole gidan ya liƙa makinsa inda baƙo zai gani. Hukumar na iya hana shi karɓar sababbin mutane, ta gurfanar da shi, ko ta rufe shi.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Dokar Ingila ba ta faɗi yawan ma'aikatan da za a sa wa mazauna kaza ba. Cewa kawai ta yi a sami "isassu" masu horon da ya dace, gidan ne ke lissafa wa kansa abin da ya isa. Yanzu ka tuna juyin nan mai buƙatar mutum biyu. A ce bene guda mai tsofaffi ashirin, ma'aikata biyu da dare. Suna ɗaki na huɗu suna canja wa wani kunzugu, ƙararrawar ɗaki na sha bakwai tana kaɗawa. Wa zai je? In gari ya waye takardar juyi ta cika tsaf, ba layin da aka tsallake, wannan ba ya nuna an juya kowa. Biro ba ya gajiya.

Gidan da aka ba "mai kyau"

Orchid View wani gida ne a yankin West Sussex, kudu da Landan, sabon gini mai kyan gani, mallakar kamfanin Southern Cross. An buɗe shi a 2009, a farkon 2010 CQC ta ba shi makin mai kyau, aka rufe shi a 2011. A 2013 mai binciken musabbabin mutuwa ta duba rasuwar mutum 19 da suka zauna a gidan, ta yanke cewa sakaci ya taimaka wajen mutuwar biyar, ta kuma ce cin zarafi ya zama jiki a gidan daga sama har ƙasa. An ji shaidar yadda ake barin tsofaffi cikin ƙazanta, ƙararrawa a inda hannunsu ba ya kai. Wata tsohuwa an yi ta ba ta maganin tsinka jini fiye da kima, da aka gane sai aka sa a yayyaga takardun. Wadda ta tona asirin ga 'yan sanda ma'aikaciyar ofis ce a gidan, ba sufeto ba.

Wani zai ce ai wannan tsohon labari ne, bayansa aka gyara tsarin. An gyara, amma a 2024 gwamnati ta sa Dakta Penny Dash ta binciki ita hukumar kanta. Ta gano cewa ziyarar dubawa ta faɗo daga wajen 16,000 a shekara kafin korona zuwa wajen 7,000, kusan ɗaya cikin biyar na wuraren da hukumar ke da ikon dubawa ba a taɓa ba su maki ba, wasu kuma makin da ke jikin bangonsu ya kusa shekara goma. Ministan lafiya Wes Streeting ya fito ya ce hukumar ba ta iya aikin da aka kafa ta dominsa. Gida kuwa yana iya juyewa cikin wata shida in manaja mai kirki ya tafi.

Wuta da annoba

Da asubahin 31 ga Janairun 2004 wuta ta tashi daga wani kabad mai kayan lantarki a gidan Rosepark, kusa da Gilasgo a Sikotilan. Tsofaffi 14 suka rasu, hayaƙi ne ya ci yawancinsu. Binciken da aka kammala a 2011 ya nuna ma'aikatan sun yi minti tara kafin su kira 'yan kwana-kwana, domin tsarin gidan shi ne a fara nemo inda wutar take. Ƙofofin ɗakuna da dama a buɗe suke, wasu an cire musu ƙarfen da ke rufe su da kansa. Matashi in ya ji ƙararrawar gobara zai ruga, amma wanda sai mutum biyu sun ɗaga shi, ƙofar da ke tare hayaƙi ita ce ransa. Sikotilan ta wajabta na'urar yayyafa ruwa a sababbin gidajen tsofaffi tun 2005. Ingila sai Maris 2025 ta bi sahu.

Korona kuma ta nuna matsayin tsofaffi a lissafin hukuma. Daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Afrilun 2020, don a samar da gadaje, an sallami kusan mutum 25,000 daga asibitoci zuwa gidajen tsofaffi, a lokacin da gwaji kafin sallama bai zama dole ba. Mata biyu da iyayensu maza suka rasu a irin waɗannan gidaje suka kai gwamnati ƙara, a Afrilun 2022 Babbar Kotu ta ce manufar ta saɓa doka, saboda ba a yi la'akari da masu ɗauke da cutar ba tare da alama ba. Hana ziyara na watanni shi ma ya yi ɓarna iri biyu: kaɗaici ya durƙusar da masu gigi, kuma idon dangi, wanda shi ne sufeton kullum, ya ɗauke. Daga Afrilun 2024 barin dangi su ziyarci nasu ya shiga cikin ƙa'idojin da CQC ke dubawa.

Wa ke biya?

Mutane da yawa sun ɗauka tunda asibiti kyauta ne a Birtaniya, gidan tsofaffi ma haka. A'a. A Ingila wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi ke biya wa kansa, kuma sau da yawa ana lissafawa har da gidansa, shi ya sa tsofaffi ke sayar da gidajensu. Wanda bai kai ba ƙaramar hukuma ke tallafa masa, ita kuma tana taya farashi ƙasa-ƙasa saboda aljihunta ya rame. A 2017 hukumar kula da gasar kasuwanci ta gano cewa mai biya da kansa yana biyan ƙarin kusan kashi 41 cikin 100 a kan abin da ƙaramar hukuma ke biya a gida ɗaya. Kuɗin wannan tsohuwa ke cike giɓin maƙwabciyarta.

Mafi girman abin da gidan tsofaffi ke kashewa albashi ne, don haka in za a tsuke, nan ake fara tsukewa. Southern Cross, mai Orchid View, yana da gidaje kusan 750 da mazauna kusan 31,000 lokacin da ya durƙushe a 2011. An sayar da gine-ginen, kamfanin ya koma ɗan haya a cikinsu, haya tana hawa duk shekara har ta fi ƙarfinsa. A Faransa ma, a 2022 binciken wani ɗan jarida ya zargi katafaren kamfanin Orpea da ƙididdige wa tsofaffi kunzugu da abinci don riba, har gwamnati ta shiga maganar.

'Yan uwanmu da suka tafi aikin

A 2022 guraben aikin kula da manya da ba a cike ba a Ingila sun kai kusan 165,000. Aiki ne mai nauyi, albashinsa kusa da mafi ƙanƙanta, mutum zai iya samun kwatankwacinsa a kanti ba tare da ya wanke kowa ba. A Fabrairun wannan shekarar gwamnati ta buɗe biza, Indiya da Nijeriya da Zimbabuwe suka zama kan gaba wajen turo mutane.

Bizar a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauki nauyinka. Dillalai suka shigo, mutane suka sayar da filaye suka biya miliyoyi don takardar ɗaukar nauyin da doka ta hana a sayar, wasu suka sauka suka tarar babu aikin. Tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 gwamnati ta soke lasisin ɗaukar baƙi na kamfanoni fiye da 470, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. A Maris 2024 aka hana zuwa da iyali, a Yulin 2025 aka rufe ɗauko sababbi daga waje.

Alaƙar wannan da lafiyar tsofaffi a fili take. Wata ƙanwata da ke wannan aiki ta taɓa kirana bayan ta sauka daga aikin dare na awa goma sha biyu. Ta ce, "Yaya, jiya mu biyu ne a bene guda. Na san ya kamata in kai rahoto. To in sun kore ni fa? Bashin da aka ci aka turo ni ko rabi ban biya ba." Doka ta ba ma'aikaci kariya in ya fallasa ɓarna, har lambar CQC ana liƙawa a ɗakin hutu. Amma wanda zamansa a ƙasa ke hannun mai gidan aikinsa, sai ya auna sau goma kafin ya buɗe baki. A Orchid View kuwa mun ga daga ina gaskiya ta fito.

Inda ake sa-in-sa

Masu cewa a sa lamba a doka suna nuna Ostireliya. Bayan wani babban kwamitin bincike da ya yi aiki daga 2018 zuwa 2021, ƙasar ta wajabta nas a kowane gida dare da rana daga Yulin 2023, da matsakaicin minti 200 na kulawa ga kowane mazauni a rana daga Oktoban 2023, aka ɗaga zuwa 215 bayan shekara guda. Masu gidaje a Ingila suna cewa buƙatar mazauna ta bambanta, lamba ɗaya ba za ta dace da kowa ba, kuma wanda ya sa doka ya kawo kuɗin cika ta, in ba haka ba ƙananan gidaje za su rufe. Maganarsu ta kuɗi gaskiya ce. Amma a ganina barin mai neman riba ya yanke wa kansa abin da ya isa, kamar ba kura ajiyar nama ne.

Jayayya ta biyu ta fi wuya, kuma ba ni da amsarta a aljihu. Hanya mafi sauƙi ta hana tsoho faɗuwa ita ce a hana shi tashi: a sa wa gado ƙarafuna, a kulle ƙofa, a zaunar da shi a kujerar da ba zai iya fita ba. Faɗuwa za ta ragu a takarda, ƙafafunsa kuma su mutu, ga shi ƙarafunan gadon kansu sun sha maƙure mutane. Dokar Ingila ta 2005 kan ikon yanke shawara ta ce mai hankalinsa yana da 'yancin zaɓar abin da wasu ke gani wauta ne, kuma tsare wanda hankalinsa ya gushe sai da izini na musamman. Dattijo mai ciwon suga ya ce shi sai ya sha shayi da sukari cokali uku, kamar yadda ya saba shekara saba'in. Likita na cewa a'a, 'ya'yansa sun rabu biyu, kofin kuma yana hannun ma'aikaciya.

Mu fa a nan?

Nijeriya tana da dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. A Arewa dai har yanzu gida ne gidan tsofaffi, kuma ɗan da ya tashi da ayar da ta hana a ce wa iyaye ko da "uf" ba zai so a ji ya kai mahaifiyarsa wani wuri ba. Sai dai gidan da kansa ya canja. 'Ya'ya suna Abuja da Legas da Jidda, ana turo kuɗi ta waya, wadda ke kwana da Hajiya kuma yarinya ce 'yar shekara sha biyar da aka ɗauko daga ƙauye, ba wanda ya taɓa nuna mata yadda ake ɗaga mutum ko abin da za ta yi in ta shaƙe. Banɗakin tsugunno ne, tayil ɗin da aka sa don a kyautata wa tsohuwa santsi gare shi, ga kaskon gawayi a ɗaki rufe lokacin sanyi.

Bayan ranar da gwaggona ta ga ramin nan, wata nas maƙwabciyarmu ce ta zo ta wanke shi, ta nuna mana yadda ake tokare baya da matashi, a sa wani tsakanin gwiwoyi, a ɗaga dugadugai kada su taɓa katifa. Ta yagi takarda daga littafin makarantar ƙanena ta ja layuka, ta rubuta sunayenmu da lokutan kowa, ta manna a bayan ƙofa. Ni da yayata aka ba ƙarfe uku na dare. Gyambon ya ɗauki wata huɗu kafin ya rufe.